Manomin da Ya Ƙi Canza Adireshi

Tunda ka ce zamanka a garin nan na wucin gadi ne, ko turken akuya ba za ka kafa ba, zauna in ba ka misali.

An yi wani dattijo manomi a wani ƙauye na bakin kogi, sunansa na cikin masu karɓar tallafin da gwamnati ke bai wa marasa ƙarfi. Wata damina kogi ya yi ambaliya, ya cinye gidansa da rumbunsa, har 'yar wayarsa ta bi ruwa. Ya ɗauki matarsa suka yi birni, suka raɓa a wani ɗaki a bayan gari, kusa da inda 'yarsu ke aure. Gonarsa ta fadama kuwa ya bar wa ƙanensa amana, ya ce ya riƙa nomawa yana ci kafin ya dawo. Ana nan sai aka yi shela cewa duk mai karɓar tallafi da ya tashi daga gidansa ko ya rasa layinsa ya je ofis ya gyara adireshi da lambar waya, domin masu tantancewa za su bi gida-gida. Dattijo ya je, ya bi layi har aka zo kansa. Ma'aikaciyar ta tambaye shi inda yake zaune, ya faɗi sunan ƙauyensu. Ta ɗago kai ta ce, "Baba, inda kake kwana nake tambaya. In aka je ba a same ka ba, cire sunanka za a yi." Ya ce, "'Yata, nan kwana kawai nake yi. Can aka binne cibiyata, can ubana yake kwance. Rubuta can." Wurin lambar waya ma ta ƙanensa ya bayar. Gani yake in ya bari alƙalami ya rubuta sunan birni a gaban sunansa, to da hannunsa ya rufe ƙofar komawa. Ai da ma lissafinsa ke nan: tallafi ya fito, ya sayi azara da kwano, ya ta da ko ɗaki ɗaya ne a kan tsohon tushe. Saboda haka bai taɓa zuwa gaida mai unguwa ba, bai shiga sabgar maƙwabta ba, ko a masallaci aka tambaye shi sai ya ce shi baƙo ne, ya kusa tafiya.

Damina ta zo ta wuce, wata ma ta biyo bayanta. Waɗanda suka bi layi tare da shi suka fara karɓa, shi shiru. Matarsa ta sayar da tukwanenta ɗaya bayan ɗaya, tari kuma ya kama ta, babu na magani. Da ya koma ofis aka ce masa an je ƙauyen, an ce babu mai wannan suna a can, an soke shi. In yana so a mayar, sai ya kawo shaidar mai unguwar inda yake zaune. Mai unguwar birni ya dube shi sama da ƙasa ya ce bai san shi ba, kuma duk wanda ya tambaya cewa yake yi dattijon da bakinsa ya ce shi baƙo ne, yaya za a yi ya shaidi baƙo? Dattijo bai damu sosai ba. Ya ce a ransa ai yana da garin da ba a tambayar sunansa. Ya ranci kuɗin mota ya tafi.

Ya sauka da hantsi. Hanyar da ya sani ta koma gona, sai da ya tsaya ya yi tambaya. Yaran da ke wasa a bakin rijiya suka ce, "Baba, gidan wa kake nema?" A kufan gidansa ya tarar da awaki a ɗaure, an kewaye su da danga, daidai inda gadonsa yake a da. Tsohon mai unguwa ya rasu, wani matashi ne a kai, ko fuskar dattijo bai gane ba. Wani maƙwabcinsa makaho ne ya shaida muryarsa, ya jawo shi gefe ya gaya masa yadda aka yi: ranar da masu tantancewa suka zo, ƙanensa ne ya tarbe su, ya ce yayansa ya tashi tuntuni, ba a san inda ya nufa ba. Alhali ko da sallar da ta wuce ƙanen nan ya aika wa dattijo da ɗan kwanon shinkafa har ƙofar ɗakinsa na birni. Fadama ta yi masa daɗi, kuma ya san ranar da kuɗin nan suka shiga hannun yayansa, ranar za a fara kwaɓa ƙasar gini.

Dattijo ya ƙarasa gidan ƙanen nasa ya yi sallama. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kawo masa ruwa a kwanon baƙi. Ƙanen ya fito suka gaisa, ya tambayi mutanen birni, ya tambayi jikin uwargida. Daga nan ya dubi rana ya ce, "Yaya, in da motar yamma za ka bi, gara ka kama hanya, ba ta jira." Dattijo ya ajiye kwanon bai sha ba. Ya miƙe, ya sa takalmansa, ya fita, ba wanda ya raka shi ko bakin danga.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.