Geron Bakin Tsohuwa

Ku yaran yanzu ba ku da kunya, kuma ba ku da tsoro. Abu ya shigo gidanku da ƙafarsa ko da fiffikensa, sai ku ce rabo ne, ku ja ƙofa ku rufe. Wanda ya sha wahalarsa yana bayan katanga yana cigiya, kuna jin muryarsa, kuna cin tuwonku. To ka ajiye wayar nan ka saurare ni, don ba zan maimaita ba.

An yi wata tsohuwa, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi nisa. Ba gona, ba akuya, sai tantabaru da ba su wuce goma ba, a cikin fasassun tuluna da ta jera a kan katanga. Da su take ci. Ranar kasuwa ta kai 'yan shila ta sayo gishiri da daddawa, kashinsu kuma ta share ta tara wa majema. Wata rana da damina shaho ya sure wata uwa a tsakar gida. Namijin ya kwana biyu yana kuka a kan rufi, sannan ya bar sheƙar. Tsohuwa ta leƙa tulu ta tarar da 'yan shila biyu, ko gashi bai rufe su ba, sun yi sanyi, wuyansu ya langaɓe. Wanda bai sani ba sai ya ɓare musu baki ya ɗura ruwa, ya kashe su da hannunsa yana cewa taimako ya yi. Ita ta sani. Ɗan tantabara ba ya hangame baki a zuba masa, shi yake cusa bakinsa cikin na uwarsa ya sha. Sai ta jiƙa gero, ta tauna da haƙora huɗun da suka rage mata, ta riƙe a baki, ta kawo ɗan shila kan leɓenta. Sau biyar a yini take yin haka, ta mayar da su cikin ƙwarya da tsumma a gefen murhu. Dasashinta har jini ya yi. Maƙwabcinta, wani saurayi mai tantabaru talatin, ya leƙo ta kan katanga ya tofar da yawu ya ce, "Iya, wannan ƙazanta fa? Ki jefa wa kyanwa ki huta, ko miya ba za su yi ba." Ta ci gaba da ciyar da 'yan shilanta. Suka yi gashi, suka tashi, amma ko da suka girma ba su daina neman bakinta da safe ba.

Da rani ya yi tsanani, saurayin nan ya ajiye kasko cike da ruwan kanwa a tsakar gidansa, ya watsa alkama. Ya san abin da yake yi, don tantabara tana son ruwan kanwa. Tantabarun tsohuwa suka riƙa tsallakawa, ya bar su suka saba, ranar da suka shiga ɗakin tantabarunsa gaba ɗaya ya ja ƙyaure. Ta je ta yi sallama ta ce, "Ɗan nan, tsuntsayena suna gidanka." Ya ce, "Iya, tantabara tana da tsaga a fuska ne? Tsuntsu na gidan da ya kwana ne." Kwana arba'in tana zarya, tulunanta babu komai, miyarta babu gishiri. Da magana ta kai gaban mai unguwa, saurayin ya maimaita abin da ya faɗa, har da ɗaga murya. Mai unguwa ya ce, "Ka ji bakinka?" Ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe, kowa ya shaida." Tsohuwa ba ta nemi a rantsar da shi ba. Ta ce a buɗe ɗakin kawai. Dattawa suka tsaya a tsakar gida, ita kuma ta durƙusa, ta kwance bakin zanenta, ta ɗebi jiƙaƙƙen gero ta zuba a baki, ta ɗaga fuska sama. Aka ja ƙyaure, tsuntsaye suka fito kamar hayaƙi, suka kewaya gidan sau biyu. Sai guda biyu suka sauko, ɗaya a kafaɗarta, ɗaya a gwiwarta, suna karkaɗa fiffike, suna cusa baki cikin nata. Ta miƙe da su a jikinta ta fita, ko waiwaye ba ta yi ba, sauran nata suka bi ta kan katanga.

Abin da saurayin bai lissafa ba shi ne, a kwana arba'in ɗin da ya kulle su tare, nata da nasa sun haɗu biyu-biyu, kuma tantabara ba ta barin abokin zamanta. Kafin la'asar masu abokai sun tsallaka. Ragowar suka ga inda garke ya nufa, suka bi. Mako bai cika ba ɗakinsa ya zama kango. Ya ruga wurin mai unguwa yana haki, mai unguwa ya dube shi ya ce, "A ina suka kwana?"

Tantabaru talatin ne, tun yana yaro yake tara su, da su ya yi niyyar haɗa lefe. Aka bar shi da kasko da guntun kanwa, kullum safiya yana jin kukansu a bayan katanga. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, don ba ka san wanda zai faɗa ba.