Masuncin da Tafki Ya Guje Wa

Ka tambaye ni wa ke da gaskiya a gardamar nan ta sauyin yanayi. To, gyara zama ka ji.

An yi wani masunci can arewa, haifaffen bakin wani tafki da ido ba ya ganin ƙarshensa. Cikin kwalekwale ya yi wayo, cikinsa furfura ta same shi. Sai ruwa ya soma ja da baya, bana kaɗan, baɗi kaɗan, har inda yake shimfiɗa taru ya koma fako mai tsattsagewa, awaki na yawo a kai. Da yunwa ta leƙo gida, ya kife kwalekwalensa, ya tattara iyali ya yi kudu, ya sauka wani gari mai rafi da kurmi. Mutanen kirki ne, suka karɓe shi hannu bibbiyu, har gona suka yanka masa. Ya yi noma, ya ci, ya gode. Amma da zarar la'asar ta yi sai ya gangara rafi ya tsoma ƙafafunsa, ya lumshe ido yana neman ƙarnin kifi da warin laka da hayaniyar mata masu banda. Rafin yana da sanyi, sai dai ba tafkinsa ba ne.

Ana nan sai hukuma ta zo da batun hana ƙona kurmi don gawayi, wai a koma murhun gas da wutar hasken rana. Gari ya rabu. Wasu suka ce masana sun auna, hayaƙi da saran itace ne ke dumama duniya. Wasu suka ce ruwa na Allah ne, fari kuwa tun kaka da kakanni ana yinsa. Wasu kuma suka ce waɗanda suka turnuƙe sama da masana'antunsu, su ne yau za su hana talaka hura wutar tuwo? Kowa da hujjarsa, kullum a dandali ana kai ruwa rana, motocin gawayi kuwa ba su fasa fita ba. Rannan masunci ya kasa daurewa, ya ce, “Jama'a, duk maganganun nan na ji su a garinmu. Ban san wa ya fi gaskiya ba, amma ruwa bai tsaya jin hukunci ba.” Wani dattijo ya ce, “Allah sarki, baƙo! Naku tafki ne, namu kuwa daga gindin kurmi yake ɓuɓɓugowa.” Aka yi masa jaje, aka koma gardama.

Shekaru suka shuɗe. Kurmi ya zama kututture, rafi ya riƙa ƙafewa tun kaka ba ta yi nisa ba, mata na tonon yashi da ƙoƙo. Ranar da tsohon masuncin ya ga samarin gari na ɗaure tabarmi a kan mota za su yi kudu, sai hawaye suka zubo masa. Ya san abin da ke jiransu: duk inda suka sauka za a ba su masauki da gona, amma ba mai ba su rafinsu.

Shi ya sa Bahaushe ke cewa, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.