Jarkar Inna Biba

Sai da Muhibba ta sake abaya sau uku kafin ta fita. Wata takwas tana neman Hajiya Zahida, matar babban jami'i a ofishin jakadanci, ta saka ta cikin zaman da matan manya suke yi duk Alhamis. Yau dai Hajiya ta yarda su haɗu a lambun da ke bayan gidan su Muhibba a unguwar Al-Badi'a, a Saudiyya, don a gwada ta.

Mijin Muhibba ƙaramin akawu ne a ofishin, amma in ka ji bakinta sai ka rantse shi ne jakadan.

Mahaifiyarta Inna Biba wata biyu ke nan tana gidan, tun da ta sauko daga Umara da jarkar zamzam ɗinta mai lita biyar. Ko sau ɗaya Muhibba ba ta fita da ita ba, wai tsohuwa ba ta san zaman birni ba. Baiwar Allah ba ta taɓa ƙorafi ba. Da la'asar takan fita miƙe ƙafa ita kaɗai, da safe kuma ta tsiyaya wa 'yarta kofi guda ta yi mata addu'a. Abin da Muhibba ta yarda ta karɓa daga hannunta ke nan. Yau ma daga jarkar ta cika wata kwalba mai kyau, ta kai wa Hajiya tsaraba.

Suka zauna a benci gaban nafurar, wata tsohuwar maɓuɓɓugar ruwa ta ado mai hawa uku, dutsenta duk ya yi kore. Tattabaru na wanka a ciki suna abin da suka saba.

Hajiya ta kurɓi ruwan kwalbar, ta shafa a ido. "Ke kam kin dace, zamzam kullum?"

"Wallahi Hajiya ba ya yanke mana. Albarka ce kawai."

Can gefen nafurar wata mata sanye da baƙar abaya da niƙabi ta durƙusa, ta juya musu baya. Ta yi bismilla, ta kore tattabaru da hannu, ta shiga kamfatar ruwan da moɗa tana ɗurawa a jarka, a hankali, kada ɗigo ya zuba ƙasa.

Muhibba ta taɓe baki. "Kin gani ko, Hajiya? Irin su ne suke zubar mana da mutunci. Daga sun sauka jirgi, duk ruwan da ya ɓullo daga ƙasa a Saudiyya zamzam ne a wurinsu. Ko 'ya'yanta ba sa jin kunya?"

Hajiya ta yi dariya har da tafawa. Muhibba ta ga ƙofa ta buɗe, ta ciro waya ta fara ɗaukar matar a bidiyo. "Bari in tura miki, ki saka wa matan Alhamis."

"Ki zo da kanki ki nuna musu," in ji Hajiya, ta sake kurɓa.

Jarkar ta cika. Matar ta gwada ɗagawa ta kasa, ta waiga neman mai taimako. Sai ta ɗage niƙabi, fuskarta ta washe da murna.

"Muhibba, ashe kina nan? Zo kama mini, 'yar nan, zamzam ɗin naki ne ya sake ƙarewa."