Kiɗan Tebur

Kun sha wucewa ta gaban ajin nan kuna kau da kai.

Yau ma ɗalibai na kiɗa da tebura. Malamar ajin ta daka tsawa: "Ku dubi 'yar'uwarku ta kujerar gaba! Na'urar da ke taimaka mata wajen ji tana ƙara mata amon nan, har cikin ƙwaƙwalwa."

Kiɗa ya tsaya. Jagoran makaɗan ya miƙe daga baya. "Wallahi ba mu sani ba. Yi haƙuri, 'yar'uwa."

Yarinyar ba ta waiwayo ba. Malamar ta matso gabanta, ta yi mata nuni da kunne.

"Na cire na'urar tun farkon zangon karatu, Malama. Zafi ya yi yawa."

Alli ya suɓuce daga hannun malamar. Wata uku tana koyarwa, yarinyar na kallon leɓenta kawai.

Ku tashi ku leƙa ajin 'ya'yanku, yau.