Hancin Kawu Lado

Duk ƙasar Batsari da Safana babu wanda ya kai ni sanin ɗan dambe. Kallo ɗaya nake yi wa mutum in gane gwani, tun ina yaro kuwa.

Wata ranar kasuwa da la'asar ina zaune bakin tukubar Baba, ƙamshin tsire ya cika wurin, sai ga Kawu Lado, tsohon ɗan damben garin Zakka. Hancinsa ya baje a fuska kamar an taka dafaffen dankali, in ya ja numfashi har fito yake yi. Na dubi fuskar Baba sumul, ko ƙwarzane babu. Kunya ta kama ni, don kullum ina cika wa yara baki cewa ubana ya yi dambe.

Na ce, "Baba, ga ɗan dambe na gaskiya! Kai anya ka taɓa ɗaure hannu kuwa?"

Baba ya ci gaba da juya namansa. Har yau ina kewar wannan shirun nasa.

Kawu Lado ya shafa hancinsa, ya ce, "Kai ɗan nan, kanka ɗaya kuwa? To wa kake tsammani ya baje shi?"