Kaset Marar Suna

Jandarma ya zazzage jakar Illo direba a bariyar shiga Agadez. Kaset-kaset suka zube: na goge, na kalangu, na kiɗan Kwango. Da ya ɗauki wani marar rubutu, gaban Illo ya faɗi.

"Wannan fa? Zagin gwamnatin soja ne?"

"Shef, duk ya fi su daɗi. A Timia na ɗauke shi, tun kafin fari."

"Sa mu ji. In da zagi, sai gidan kaso."

Illo ya danna rediyo. Daga lasifika sai tsawa, sai ƙarar ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, kwaɗi na amshi.

Jandarma ya dubi sama, ko gajimare babu. Ya cire hula, ya zauna.

"Ɗan'uwa, don Allah maido shi farko."