Gwajin Jirgin Alhaji

"Alhaji, bijimaina biyu a bakin jirginka," na ce, "amma tare za mu gwada injin."

"Na sallama."

A tsakiyar dam ɗin Kusada na zare wayar agogon da ke nuna bugun man injin a ɓoye, don in ji cikinsa. Allurar agogon ta faɗi. Alhaji bai iya ruwa ba, ya ƙanƙame katako yana salati.

"Mu juya!" in ji shi. "Famfon man ya lalace, mai kauri na ɗura masa don kada ka gane!"

Na yi dariya na mayar da wayar, amma allura ba ta tashi ba. Injin ya ƙwanƙwasa ya mutu, ruwa yana jan mu magudanar dam ɗin, har jirgin ya kife.

Masunta suka tsamo mu. Dattawa suka ce ciniki ya faɗa tun a tudu. Alhaji ya kora bijimai, ni jirgina yana ƙasan ruwa.